Loma Uku a Gidan Gwaggo

Shekarar da aka mayar da ni ƙauyenmu na wajen Tsanyawa, zanina sai na naɗa shi kusan sau biyu kafin ya kama ƙuguna. Ba wani ciwo nake yi ba irin wanda ake nunawa da yatsa. Abinci ne kawai ya ƙi wucewa. In na kai loma baki na tauna, sai maƙogwarona ya rufe, in yi ta juya ta har ta zama ruwa, daga baya in faki ido in tofar.

Abin ya faro ne a shekarun nan da birni ya rikice, lokacin da mutum in zai tafi kasuwa sai ya nemi gafarar mutanen gida. Muna zaune a Bacirawa ni da maigidana. Shi tela ne, ni kuma ina saro kayan koli ina sayar wa matan unguwa. Wata rana da hantsi na shiga gari sari. Ina tsaye a bakin wata tasha ina cin gurasar da na saya, sai wani abu ya tashi a ɗaya gefen titin. Ba a kunne na ji ƙarar ba, a ƙirji na ji ta. Ko ƙwarzane ban samu ba. Na ga abin da na gani, wanda ba zan rubuta shi a nan ba, na kuma dawo gida da ƙafata. Sai da na iso ƙofar gida na lura har lokacin lomar gurasar tana bakina.

Da farko kowa ya ce tsorata ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. In iska ta buga ƙofar langalanga sai in tsinci kaina tsugune a bayan randa. Ƙanshin nama a wuta kuwa ko daga nesa na jiyo shi sai in toshe hanci. Daga tuwo na koma kunu, daga kunu na koma ruwan shayi. Maigida ya yi iya ƙoƙarinsa. An kawo rubutu na sha, an yi mini addu'o'i, mai kemis ya ba da wani magani mai zaƙi wai na buɗe ciki. Da aka shiga wata na huɗu sai Baba ya aiko daga ƙauye cewa a kawo ni gida. Innata ta rasu tun ina budurwa, saboda haka a hannun Gwaggo aka damƙa ni. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gidan da aka haife ta, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Gwaggo gajera ce kakkaura, in tana magana da kai sai ka zaci da wani take yi a gona ta uku. Da na sauko daga mota ta zagaya ni sau ɗaya tana duba, irin duban mai taya tunkiya, sannan ta ce da maigidana ya koma shagonsa, nan da sati biyu in ya dawo sai an nuna masa ni kafin ya gane ni. A wurinta babu cutar da ta fi ƙarfin tuwon dawa da miyar kuka.

Nan take ta fara aiki. Da safe koko da ƙosai, da hantsi fura, da rana ɗanwake ko dambu, da yamma malmala biyu da man gyaɗa yana yawo a kan miya. Takan ajiye mini kwano, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna daidai gabana, ta zuba mini ido. Idon nan nata shi ya fi komai rufe mini wuya. Sai na samo dabara. Da zarar an yi sallama ta tashi sayar da ƙuli, sai in gutsuttsura tuwon in watsa wa kajinta ta bayan ɗaki. Ta dawo ta ga kwano ya yi rabi, ta yi hamdala, har ta aika wa Baba cewa magani ya fara kamawa.

Kajin ne suka tona ni. Cikin kwana goma sun yi ɓulɓul, kuma duk inda na sa ƙafa suna biye da ni. In na shiga ɗaki su yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Wata rana Gwaggo ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonmu, ni a gaba, kaji bakwai a baya, muka ratsa tsakar gida har bakin rijiya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi ashe dai tuwonta yana aiki, hanya ce ya ɓata.

Baba ne ya kawo maganar asibitin sha-ka-tafi da ke bayan makarantar firamare. Ya ce akwai wata malamar asibiti da aka turo daga wajen Gezawa, an ce ta je wani kwas a birni kan mutanen da firgici ya kama. Gwaggo ba ta so ba, amma ta raka ni, ta zauna a benci a waje tana hira da masu jiran allura.

Malamar babbar mace ce, mai magana a hankali, tabarau ɗinta an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ta duba idona da harshena, ta auna jinina, ta ɗora ni a sikeli ta rubuta. Na zaci za ta ce in ba ta labarin abin da na gani a tasha, har na fara jin gumi. Ba ta tambaya ba.

"Ƙanwata, nuna mini da hannu inda kike jin tsoron," ta ce.

Na ce ai tsoro a zuciya yake. Ta ce ta yarda, amma in rufe baki in saurara tukuna. Na saurara, sai na ga hannuna ya tafi maƙogwaro. Daga nan ya koma kafaɗa. Sai a lokacin na ji kafaɗuna a ɗage suke har kusa da kunne, kuma ban san tun yaushe suke haka ba.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce jikin mutum in ya firgita yakan ajiye cin abinci gefe guda don ya shirya gudu, in hatsari ya wuce sai ya saki. Nawa jikin ya ɗaure a ranar, kuma har yau bai samu labarin cewa an gama ba.

"Kanki ya san kina gidanku," ta ce. "Jikinki ne yake can bakin tasha. Za mu je mu taho da shi, amma ba da ja ba."

Ta sa na cire takalmi na taka siminti da tafin ƙafata, ta ce in ji sanyinsa. Ta ɗora hannuna a kan cibiyata, ta ce in ja iska ta hanci har hannun ya taso, sannan in sake ta ta baki a hankali kamar mai fifita wa jariri kunu, fitar ta fi shigar tsawo. Na yi sau biyar. Sannan ta ce in duba ɗakin in faɗi abubuwan da nake gani, ɗaya bayan ɗaya. Na ce kalanda, na ce buta, na ce ƙadangare a jikin taga. Ta ce in na ga dama, lokacin sakin iskar in riƙa yin salati a zuci, a jere ba gaggawa, don addu'a da wannan ba sa faɗa da juna. Ta ba ni ƙwayar ƙarin jini. Ta kuma kafa doka: a kowane cin abinci loma uku kacal, ƙanana, in yi numfashin kafin kowace, kada kowa ya zauna yana kallona, in na gama ukun a ɗauke kwano ko da ina son ƙari. Ta faɗa mini gaskiya cewa in sikeli ya ci gaba da sauka za ta rubuta mini takarda zuwa wurin likita a birni, kuma wannan ba ya nufin na haukace.

Da na faɗa wa Gwaggo a hanya sai ta ja ta tsaya tsakiyar burtali. Ta ce numfashin da nake yi tun ranar da aka yanke mini cibiya shi ne yau aka zo koya mini? Loma ukun kuwa ta ɗauke ta cin mutuncin tukunyarta. Washegari da sassafe ta yafa mayafi ta koma asibitin ita kaɗai. Ban san duk abin da suka tattauna ba. Na dai san ta dawo tana taku ɗai-ɗai, tana cewa malamar nan tana da hankali, don ta gane cewa aikin ba zai yiwu ba sai da ita Gwaggo. Ashe Malama ta ce mata tana neman wanda zai ba hannuwana da kafaɗuna aiki mai kai da komo, wanda ba ya bukatar tunani. Gwaggo ta ce in dai wannan ne, ai ita ce babbar likita.

Haka aka ba ni taɓarya. Kullum bayan rana ta ɗaga sai mu tsaya a gindin darbejiyar tsakar gida, turmi ɗaya a tsakaninmu, mu yi surfen gero. Kwanakin farko sau goma in na ɗaga sai jiri ya ɗebe ni in zauna. Gwaggo sai ta ci gaba ita kaɗai har in tashi. Sannu a hankali muka fara lugude, tata ta sauka tawa ta tashi. Na lura ba sai na tuna da numfashin ba, in taɓarya ta tashi iska ta shiga, in ta sauka ta fita. Ƙarar turmin ma da farko tana razana ni, amma da yake ni nake yin ta da hannuna, na san lokacin da za ta zo, sai jikina ya fara sabawa.

Wajen cin abinci kuwa, Gwaggo ta cika alkawarin ba za ta kalle ni ba, amma ta hanyarta. Sai ta juya mini baya ta zauna, tana fuskantar katanga, tana yi wa katangar bayanin irin daddawar da ta sa a miya. Ni kuma a bayanta ina ta fama: ƙafa a ƙasa, hannu a cibiya, loma ɗaya. Wata rana ukun su wuce, wata rana ɗaya ce kawai. Sau da yawa dariyar surutunta ce take sa in haɗiye ban sani ba.

Sikelin asibitin ɗaya ne, kuma ranar awon masu ciki kaɗai ake fito da shi. Saboda haka duk sati ina cikin layinsu, ni da cikina a lafe kamar faifai. Ba a yi sati uku ba magana ta zagaye ƙauye cewa 'yar birni laulayi take yi, shi ya sa ba ta cin abinci. Tsofaffi suka fara aiko mini da tsamiya da goruba. Wata har ta tare Gwaggo a bakin rijiya tana yi mata barka. Gwaggo ta amsa barkar, ta karɓi gorubar, ta ce da ni in yi shiru, tunda wannan ta fi a ce aljanu ne.

Wata rana cikin tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, gonaki sun haɗe har ba ka hango gidan maƙwabta, muna cikin lugude sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki. Kafaɗuna suka kama rawa. Na jingina da taɓarya na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba tun ranar tasha. Gwaggo ta dube ni sau ɗaya. Ta rage ƙarfin dakanta ta ci gaba a hankali, bugu ɗaya bayan ɗaya, har na gama. Sannan ta miƙo mini buta na wanke fuska, ta ce in zo in taya ta tuyar ƙuli tunda hannuna ya huce.

Na zauna kusa da kasko ina murza tunkuza ina miƙa mata, tana jefawa a mai. Jikina ya yi laushi kamar na yi doguwar tafiya. Muna hira kan wata akuyarta mai satar shanya, sai na ga ta yi shiru tana kallon katanga da gangan. Na duba hannuna. Ƙuli ne mai zafi, na ci rabinsa, kuma ga alama ba shi ne na farko ba.

"Gwaggo, na karya dokar Malama," na ce.

"Ni ban ga komai ba," ta ce, ba ta juyo ba. "Akwai wasu a faranti, su ma ban gan su ba."

Da na ba Malama labari ta yi murna, amma ta gargaɗe ni kada in zaci an gama, don abin yakan tafi ya dawo. Haka kuwa aka yi. Satin da ya biyo baya aka yi tsawa mai ƙarfi da la'asar, na kwana biyu ko kunu bai wuce ba. Na je mata ina cewa na koma baya. Ta ce ba komawa ba ce, hanya ce mai lanƙwasa, muka sake farawa daga loma ɗaya. A wannan karon ne, da kaina, na fara ba ta labarin tasha, kaɗan-kaɗan. In ta ga numfashina ya fara sama-sama sai ta tsayar da ni, ta ce in taka ƙasa in faɗa mata launin labulen ɗakin, sannan mu ci gaba ko mu bari sai wani satin.

A cikin waɗannan kwanaki na gano wani abu game da Gwaggo. Ina shara a ɗakinta tsintsiya ta bugi wani abu a ƙarƙashin gado. Na leƙa na ga kwalla huɗu a jere, cike da busasshen tuwo da ƙanzo, ga ƙullin gero a tsumma, wani har ya fara ƙwari. Da na tambaye ta sai ta ɗan ji kunya, abin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce tana amarya aka yi wata shekarar fari, suka ci dusa, suka ci ganyen da ko sunansa ba su sani ba. Tun daga lokacin, ko rumbu a cike yake, ba ta iya fita unguwa sai ta durƙusa ta taɓa kwallayen nan. Na ce ashe ita ma jikinta yana can wani wuri. Ta ce nata ba ciwo ba ne, tanadi ne. Amma bayan kwana biyu na hango ta ta kafar zana, zaune a kan turmi a kife, ta cire takalmi, hannu a ciki, tana hura iska da ƙarfi kamar mai hura wuta. Ban nuna na gani ba.

Da gero ya nuna aka fara girbi, Malama ta ce lokaci ya yi da zan shiga taro. Ta ce in bi Gwaggo cin kasuwar Tsanyawa, in tsaya daga gefe, in na ji ba zan iya ba in dawo, ba laifi. Muka hau ƙaramar bas da galan biyu na mai da kwandon ƙuli. Na zauna kusa da ƙofa ina lissafa bishiyoyin ɗorawa a zuci har muka isa.

Da farko komai lafiya. Na taya ta auna mai a kwalba, har na yi ciniki da wata Bafulatana mai nono. Wajen azahar, a can bakin titi wurin mai faci, tayar wata babbar mota ta fashe. Kasuwa ta ɗan yi tsit, sannan kowa ya ci gaba da harkarsa. Ni kuwa idona ya yi duhu, kunnena yana ƙugi. Na zube a kan buhun wani mai albasa. Abin da na tuna shi ne na zare takalmina na danna ƙafa a ƙasa. Ƙasar tana da zafi, akwai ɓawon gyaɗa. Na ɗora hannu a cibiya. Iskar ta ƙi shiga.

Sai ga Gwaggo ta tsuguna a gabana, ta kama hannuna ɗaya ta ɗora a nata cikin, ta fara numfashin da kanta, tana ja kamar za ta shanye kasuwar, tana hurawa har gefen mayafina yana kaɗawa. Na bi ta. Na ce albasa. Na ce kwando. Na ce jaki. Mata suka taru, amma ba ni suke kallo ba, Gwaggo suke kallo. Wata ta ce tsohuwar asma ce ta tasar mata, wata ta fara yi mata fifita da faifai, mai albasa ya kawo ruwa a leda. Gwaggo ta karɓi ruwan ta shanye, ta yi godiya, ta ce ta ji sauƙi. Dariya ta kama ni har sai da na riƙe ciki, kuma da dariyar ne duhun ya washe.

Kafin mu bar kasuwa na ce ina jin yunwa. Watanni ke nan ban faɗi wannan kalmar ba. Gwaggo ta ja ni rumfar wata mai ɗanwake, ta sa aka zuba, ta ce a ƙara yaji da mai. Na ci a tsakiyar mutane, ana kallona ko ba a kallona ban kula ba. Ban cinye ba, amma na wuce rabi.

Na ƙara wata guda a ƙauye. Sikeli ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan, wani satin ya tsaya. Ranar da zan tafi, Malama ta ba ni takardar nan duk da haka, ta ce in je in ga likitan a birni don a ci gaba da bibiya, kada in tsaya sai abin ya sake tsananta. Na je, na kuma yi ta komawa har kusan shekara. Ƙanshin tsire ya ɗauke ni shekara biyu kafin na iya wucewa ta gaban mai tukuba ban toshe hanci ba, kuma har yau ba na son cin abinci a tsaye a bakin titi.

Maigida ya zo ɗaukata da kansa, ya kawo wa Gwaggo atamfa da ya ɗinka mata riga da zani. Da yake bai taɓa auna ta ba, da ido ya yanka, rigar ta tsaya mata a kafaɗa ta ƙi sauka. Muka taru ni da matar da Baba ya aura bayan rasuwar Innata muna ja, ita tana ciki tana faɗa, muryarta na fitowa ta wuyan riga. Da ƙyar muka zare ta. Ta ce ya koma da ita ya buɗe gefe, kuma kada ya aiko a mota, ni take so in kawo mata da kaina bayan sallah. Bayan sallar na hau mota ni kaɗai daga Bacirawa na kai mata, wannan karon rigar ta shige ta, har ta sa ta ta je gidan suna.